Tun Da Na Taɓa Motar, Baba Ya Daina Shiga

Kawu mai filin shawara,

Ka taimake ni don Allah, kuma ka taimake ni da magana mai amfani. Na san halin masu irin filin nan naku: mutum ya kawo muku abin da ke cin ransa, ku shafa masa haƙuri a ka kamar man kitso, ku sallame shi. Haƙuri ina da shi buhu-buhu, shekara biyu ke nan shi nake ci, shi nake sha. In shi kaɗai gare ka, ka jefa takardar nan a kwandon shara, wallahi ba zan ji haushi ba. Na zaɓe ka ne don ka taɓa rubuta cewa ka yi shekaru a gareji kafin ka kama alƙalami. To ga aikin gareji na kawo maka, sai dai akwai mutum a ciki.

Shekaruna ashirin da shida. Ina aiki a wata maɗaba'a, ni ne a kan injin yankan takarda. A aji biyu na sakandare na tsaya, amma kada ka yi mini kallon jahili. Duk abin da ya biyo ta hannuna sai na karanta shi kafin wuƙa ta sauka: littafin lissafi, takardar cikin kwalin magani, ƙasidun masu neman digiri da ba su iya jera jimla uku ba tare da sun yi tuntuɓe ba. A haka na koya wa kaina karatu na gaske. Na faɗa maka ne don ka san ba da ido rufe na yi abin da na yi ba. Sai da na karanta. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Mahaifina direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Da ya ajiye aiki ya sayi tasa ta kansa, fara, wadda wani ya ɗan hau, otomatik mai giya biyar, don ya ce gwiwarsa ta hagu ta taka kulocin da zai ishe ta har lahira. Shekara takwas yana tuƙa ta. Da hannunsa yake wanke ta. Littafinta yana cikin leda a aljihun gaba, shi bai iya karanta shi ba amma ba ya yarda a lanƙwasa ko shafi ɗaya. Ni na karanta shi kaf, sau uku, a ɓoye.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa sai ja, magana kuma sai ya yi kokawa da kalma ɗaya kamar mai ciro guga daga rijiya mai zurfi. Innarmu ta rasu tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Yayata tana gidan mijinta can ƙarshen gari. Gidan daga ni sai shi, ɗaki biyu da falo. In ka ɗauke ƙugin firiji da rediyonsa, babu mai cewa uffan a ciki. Kuma kada ka ɗora wa ciwo laifi duka. Tun yana da bakinsa ba ma hira. Tun ranar da na bar makaranta maganarmu ba ta wuce "ina kwana" da "ka rufe ƙofa" ba.

Litinin da Alhamis ina kai shi gashin ƙashi asibiti. Maigidana ya ba ni safiyar, ni kuma in cike masa da yamma. Minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. A nan ne abin yake, ka saurara da kyau. In na zaunar da shi a gaba na ɗaura masa bel, sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a gwiwa. Muna tashi, daidai lokacin da mota za ta sauya giya, sai ya buga yatsa a gwiwar: tak. Ita kuma ta sauya. Tak, ta biyu. Tak, ta uku. Bai taɓa kuskurewa ba. Da farko ban ma lura ba. Da na lura sai na fara gyara ƙafata a kan totur don mu yi daidai. In na danna da yawa, yatsan ya tsaya a sama yana jira, ya harare ni ta gefen ido. In na yi yadda yake so, tun daga ƙofar gida har ta biyar ba tare da an ji komai ba, sai ya ce "hm." Kawu, wannan "hm" ɗin shi ne duk yabon da na taɓa samu daga bakinsa tun da aka haife ni. Hirarmu ke nan. Ba mu da wata.

Ran Lahadi Yaya takan zo ta wuni da shi don in sha iska. Sai dai iskar ina? Abokan da muka taso tare, wasu sun yi aure sun zama sai gaisuwar waya, wasu sun bar gari. Haka nake yawo ni kaɗai har na faɗa wa wasu samari da ke taruwa da la'asar a filin wata masana'anta da aka rufe, kowa da motarsa, ana buɗe bonet, ana gwada gudu daga bakin ƙofa zuwa tankin ruwa. Wata uku ina tsayawa a gefe kamar wanda ya zo ta'aziyyar da bai san mamacin ba. Wata rana ɗayansu, wani dogo mai jar mota, ya leƙa ya ga keken guragun Baba a naɗe a kujerar baya. Shi ke nan suna ya kama ni. "Likita, a matsa da ambulan ɗin nan, masu rai za su wuce!" Ina da baki, na mayar masa. Na ce motarsa kamar shi take, ƙara da yawa, ciki ba komai. Aka yi dariya. Amma baki ba ya gudu a kwalta, Lahadin da ta biyo baya ma Likita nake.

A cikinsu akwai wanda suke kira Mai Kwamfuta. Shi ya ce mini injina ɗaure yake, masu ƙera mota da gangan suke ɗaure su don tsofaffi, shi kuma cikin rabin awa zai kwance shi. Sati biyu ina karatu a waya. Na zauna na zaɓi abin da ido ba zai gani ba, kunne ba zai ji ba. Ban taɓa salansa ba, don tun daga kan kwana Baba zai ji. Abu uku na yi. Mai Kwamfuta ya jona waya ya sake rubuta ƙwaƙwalwar inji. Muka cire akwatin iska na asali muka sa buɗaɗɗiyar filta irin wadda ake shafa wa mai. Na sa tayu da suka fi na da tsayi da faɗi, na ce wa Baba tsofaffin sun suɗe. Ya daɗe yana kallon tayun nan. Da Mai Kwamfuta ya gama, sai ya danna wani abu ya ce ya goge abin da giyabos, wato akwatin giya, ya haddace don ya koyi sabon hali. Na ce to. Kamar an ce mini an share ƙura.

Lahadin farko motar ta tashi sama. Na bar mai jar mota a baya da tsawon mota biyu. Suka dinga dukan bonet, wani ya rungume ni, aka sa lambata a zaurensu na waya. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi daɗi. Na dawo gida bakina cike da labari, na tarar Yaya tana sa takalmi, Baba yana gyangyaɗi a gaban rediyo. Na buɗe firiji na tsaya ina murmushi ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe.

Ga abin da motar ke yi yanzu, na rubuta maka dalla-dalla tun da ku bakanikai ba ku son "tana wani iri." Daga ta biyu zuwa ta uku, allurar inji sai ta haura, inji ya yi ihu kamar an sa ta a firi ba giya, mota ba ta ja, sannan gam! ta shiga kamar an shure ka ta baya. Da sanyin safiya kaɗan take yi, in ta ɗau zafi ta zama mahaukaciya. In na ja sandar giya daga tsaye zuwa tafiya sai na yi numfashi biyu kafin ta kama. Man giya da na sani ja ne garau, yanzu ya koma ruwan ƙasa, yana warin tukunyar da aka manta a wuta. Wata Lahadi a tsakiyar fili ta maƙale a ta uku, fitilar gargaɗi ta kama a gabana, na rarrafa zuwa tankin ruwa suna ɗauka ta da waya. "Ambulan ta kwanta, a kira ambulan!" Mai Kwamfuta ya ɗaga kafaɗa ya ce giyabos ɗina dama tsoho ne, shi aikinsa inji. Na ce ya mayar mini da rubutun asali. Ya ce yana cikin wata tsohuwar kwamfutarsa, zai duba. Har yau yana dubawa. Waya tana shiga, ba a ɗauka. Na fita daga zauren nasu, ko mutum ɗaya bai tambayi ina Likita ba. Tsinannu.

Amma duk wannan ba shi ya sa na rubuto ba.

Tun Litinin ɗin farko bayan aikin, tun ba ta fara shuri ba, Baba ya buga yatsa mota ba ta amsa ba. Tak, shiru. Sai can ta sauya. Ya kalli sandar giya. Ya sake gwadawa a ta uku, ya sake faɗuwa. Direban shekara talatin da ɗaya yana kuskure a cikin motarsa. A sati na biyu ya daina, ya cusa hannun cikin aljihun riga. Muka koma tafiya shiru irin na gida.

Wata Alhamis muna hawan gada, ga zafi ga cunkoso, ta yi ihun nan ta shura. Kansa ya bugu da kujera. Hannun da ya shanye ya zame daga cinyarsa ya faɗa tsakanin kujera da ƙofa. Ya kai mai lafiyar zai ɗauko, bel ya tare shi. Ina gani yana ta miƙa. Sai da muka sauka gadar na samu gefe, na zagayo na buɗe ƙofa na ɗauko masa hannunsa na mayar masa a cinya kamar kayan da ya faɗo daga kanta. Ina durƙushe a nan bakin titi ya fara kokawa. Ya fi minti guda. Abin da ya fito shi ne: "Me... ka yi... mata?"

Na ce man fetur ne marar kyau.

Ka ji? Man fetur. Ga wa? Ga Baba. Ya dube ni, ya juya fuska wajen gilashi, bai sake juyowa ba har asibiti.

Litinin na fito da makulli na same shi ya shirya, da hula da takalmi, zaune kusa da ƙofa. Na miƙa kafaɗa yadda muka saba, bai ɗago hannu ba. Sai ga hon a waje. Mijin Yaya. Yadda Baba ya yi ya isar wa Yaya da saƙo ran Lahadi da wannan bakin nasa, Allah kaɗai ya sani. Mutumin nan kuwa tuƙinsa kamar dambe yake, yana jan giya kamar mai cire haƙori, yana taka birki kamar ya ga kyankyaso, rediyo a ƙure. Shi Baba ya zaɓa a kaina. Kuma kullum sai ya dafa ni ya ce, "Ƙanina, huta abinka." In huta in yi me? In tafi wurin aiki da wuri in yanka takarda?

Sati biyar ke nan. Ina yi masa wanka, ina aske shi, ina ba shi magani, bai taɓa ture hannuna ba. Ya dai daina kallona. Da safe yakan nuna in fitar masa da kujera tsakar gida, ya zauna yana fuskantar motar.

Ga wanda ya gama kashe ni. Bayan komai ya lalace na koma karatu, na ga an ce irin wannan giyabos yana koyon ƙafar mai tuƙa shi, yana ajiyewa. Ke nan abin da Mai Kwamfuta ya goge da danna yatsa ɗaya ƙafar Baba ce. Tuƙinsa na shekara takwas. Mutumin da ba zai sake riƙe sitiyari ba har abada, abin da ya rage na tuƙinsa a duniya yana cikin akwatin nan, ni kuma na tsaya ina kallo aka share shi don wasu banzaye su buga mini bonet. In na taso aiki nakan shiga motar in zauna a kashe, a wurin zamansa, in ɗora hannu a gwiwa. Ban san me nake jira ba.

Masu gashin sun ce saura wata biyu su sallame shi ya ci gaba a gida. In suka sallame shi, Litinin da Alhamis sun ƙare ke nan, ko da mota ko babu.

To ka faɗa mini. Giyabos ɗin ya mutu ne? Akwai wani tsohon bakanike, aminin Baba, shi ke duba motar tun ranar da aka saye ta, amma in na taka garejinsa labari zai riga ni isowa gida. Wani a wurin aiki ya ce akwai wani irin mai mai kauri da ake zubawa a giyabos, shurin ya ɓace. Zan iya gyara ta a ɓoye, in kawo masa ita lafiya lau kamar ba a yi komai ba? Kuma abin da aka goge, da gaske ba ya dawowa?

Ka amsa da wuri. Wata biyu ba yawa.

Ɗan Direba

*

Ɗana,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Cewa zan yi ka rataye makullin nan a ƙusa. Daga yau motar ba ta zuwa ko'ina sai gareji, a hankali, da sanyin safiya. Duk ihun nan da take yi tsakanin ta biyu da ta uku, faifan kulocin da ke cikin giyabos ne ke zamewa suna cin junansu, kuma warin da ka ji a mai warinsu ne.

Ban ga motar ba, amma ka siffanta ta fiye da yadda bakanikai da yawa za su yi, don haka ga zatona. Inji da giyabos da shawara suke aiki. Inji ya ce ga ƙarfin da nake turowa, giyabos ya matse faifansa daidai da haka. Kai ka ƙara wa inji ƙarfi, ba a sanar da giyabos ba, yana matsewa da hannun jiya ana tura masa kayan yau. Filtar nan mai mai kuma tana iya shafa wa na'urar auna iska maiƙo ta dinga ba da labarin ƙarya. Tayu masu tsayi sun ƙara masa nauyi, sun kuma rikita masa lissafin gudu. Kowane ɗaya shi kaɗai wataƙila da ta shanye. Uku ka haɗa mata, a motar da ta kwana biyu, sannan ka kai ta tsere.

Ya mutu? Ba lallai ba. Maƙalewa a ta uku ba mutuwa ba ce, kare kansa ya yi. Amsar tana cikin farantin da ke ƙarƙashin giyabos. A kwance shi a duba. In baƙin laka ne mai laushi kaɗan, akwai fata mai kyau. In an ga ɓarɓashin ƙarfe ko ɓawon faifai, sai an sauke shi an buɗe, kuma gara ka ji haka daga bakina tun yanzu. Kafin nan a jona na'ura a karanta ƙorafin da motar ta ajiye, a rubuta a takarda, kada kowa ya goge. A mayar da akwatin iska, a wanke na'urar auna iska da abin wanke ta, a mayar da tayu irin na da. Rubutun asali kuma ka daina jiran Mai Kwamfuta. Masu aikin irin motarka da na'urar kamfani sukan iya mayar da shi, aminin Baba zai san wanda za a je wa. A tsiyaye mai, a sauya filtarsa, a zuba irin wanda littafin nan na cikin leda ya ambata, ba wanda mai shago ya ce duk ɗaya ne ba. Kada a wanke cikinsa da injin matsi. Shi kuwa mai kaurin nan na abokin aikinka, rufe bakin ciwo yake yi, ciwon na nan yana ci. Ka bar shi a shago.

Yanzu abin da aka goge. Ka karanta daidai, amma rabi ka karanta. Mafi yawan abin da giyabos ke haddacewa ba halin direba ba ne, tsufan kansa ne: faifan nan ya ɗan suɗe, sai in ƙara matsa shi kaza. Shi ya sa gogewar ta cuce shi, ya wayi gari tsoho yana aiki da lissafin sabo. Ɗan abin da yake koya na ƙafar direba kuwa ba ajiya ba ce ta shekaru, yana sauyawa da wanda ya hau. Shekara biyu wa ke tuƙa motar nan? Kai. Da yatsan Baba ke bugawa tana amsawa, ƙafarka take amsa wa, ƙafar da shi ya gyara da harara da "hm." Tuƙinsa da kake makoki ba a goge shi ba, ɗana. Kai ne ka ajiye shi ka tafi filin Lahadi.

Ba zan kuma zage ka a kan filin ba. Saurayi mai shekara ashirin da shida da ke wanka da aski da ba da magani, a gidan da firiji ya fi kowa surutu, in ya so a buga masa bonet sau ɗaya ba kisan kai ya yi ba. Mai Kwamfuta yana da nasa laifin, wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar mota bai miƙa wa mai ita rubutun asali a hannu ba, ba gwani ba ne. Sai dai mota ba taka ba ce, kuma tun kana zaɓen abin da ido ba zai gani ba ka san haka.

Ka tsaya a wurin Baba ka duba. Mutum ne da ba ya iya ɗauko hannunsa in ya faɗi, dole ya ji tsoron motar da ke shuri. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi zafi. Wanda bakinsa ya ɗaure, abin da ya fi tsana shi ne a ɗauka hankalinsa ma ya tafi. Ya yi minti guda yana haƙo kalma huɗu, a kan abin da ya fi kowa sani a duniya, ka ba shi amsar da ake ba ƙaramin yaro, don ka san ba zai iya musu ba. A ganina ba motar ya ƙaurace wa ba. Dubi inda yake sa kujerarsa.

Saboda haka gyara a ɓoye babu shi. Ko ta dawo sumul, ka maimaita masa man fetur ne da babbar murya. Ya yi maka tambaya a gindin gada, har yau ba ka amsa ba. Gobe da safe in ka fitar da shi tsakar gida, ka buɗe bonet a gabansa, ka nuna masa filtar, ka nuna tayun, ka faɗa masa na ƙwaƙwalwa, ka faɗa masa filin Lahadi da sunan da suka sa maka. Ka zaro sandar mai ka kai masa hanci. Ka ce ka yi masa ƙarya, ya yafe maka. Sannan ka yi abin da ya fi yi maka wuya: ka kama bakinka, ka jira shi, ko zai kai minti goma. Ka tambaye shi wa za a kai wa. Ka san wanda zai nuna, amma bari shi ya nuna, motarsa ce.

Kada kuma ka jira gyara. Litinin mai zuwa in mijin Yayarka ya yi hon, ka naɗe keken ka shiga baya. Mutumin da ya bar harkarsa sau biyu a sati don surukinsa ya wuce a kira shi mai taka kyankyaso, ko da gaskiya ne. Ka gode masa. Ka kuma gaya wa Yaya cewa kaɗaici na cinka, ba mai duba ba ce. Lahadi kuma ka gwada garejin tsohon nan, irinsu na son mai karanta musu littafin mota, kuma suna da surutun da zai ishi gidanku har da ragi.

Abu na ƙarshe. In an gama aiki, bakanike ya gwada ya tabbatar shuri ya tafi, giyabos zai buƙaci a sake koya masa. Yadda ake yi shi ne a samu hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, mota ta ɗau ɗumi, a tashi a hankali da ƙafa ɗaya ba ƙari ba ragi, ta ɗaya har ta biyar, a sauko a tsaya, a sake, a sake, har sauyin ya daina jin kansa. Aiki ne na mai kunne. Ka gaya wa Baba haka, ka ce ba ka yarda da naka kunnen ba, kuma ba ƙarya ka yi ba. Zai iya ƙi a karon farko, yana da wannan damar. Ka sake tambaya bayan kwana biyu. Irin wannan fitar ba ta da ranar sallama, ba ruwanta da Litinin ko Alhamis.

In ya shiga, kada ka kalli fuskarsa. Ka kalli hanya, ka bar gefen idonka a gwiwarsa.

Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa a tarar da laka kawai a farantin, kai kuma Ya sanyaya maka zuciya, Ya bar maka kaifin bakin, don na ji daɗin karanta shi.

Kawunka